Gonar Mushe Ikis

Alhamis, 18 ga Janairu 1996

Ƙungiya ta aiko: Litinin za a fara mana farmasiyo na ƙarin sani, mu parajuris na Maraɗi da kewaye, masu nuna wa talaka hanyar shari'a. Tun horon farko ba a sake tara mu ba, sai yanzu da azumi ke bakin ƙofa. An ce kowa ya zo da magana guda cikin waɗanda ke hannunsa, a yi darasi a kanta. Ni Atika ai sai dai in zaɓa in darje.

Baba Baƙo ya zo da hantsi, tun daga ƙauyensu na bayan Jiratawa. Dattijon nan ba ya salla, addinin kakanninsa yake bi, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ko ta wasa ba. Alhaji Abdu mai shagon taya a nan Sabon Gari ya tashi haiƙan sai ya karɓe masa gonarsa ta bakin Gulbi, wai aro ce mahaifinsa Idirisa ya ba mahaifin Baƙo. Alhajin ba shi da shaida ko ɗaya. Gonar nan ita ke ci da gidan Baƙo duka.

Har ya kai zaure sai ya dawo ya tsuguna, ya rage murya. Wai akwai abin da ko Talatu matarsa ba ta san tushensa ba. Shekarar wata yunwa, Idirisa ya ciyar da gidansu har damina ta faɗi. Sai uban Baƙo ya yi alkawari: damin dawa na farko da aka ɗaure a gonar nan na gidan Idirisa ne, muddin rai. Har yau Baƙo yana kaiwa Tsibiri wurin Goggo Ramatu, ƙanwar Idirisa da ta rage. Mutane sun ɗauka tausayin tsohuwa ne kawai.

Gabana ya faɗi. Kowa ya san a ƙasar nan mai aron gona ne ke kai dami. Na ce, "Baba, wannan magana ta tsaya nan." Ya ce, "Ɗiyata, don haka na kawo ta gare ki."

Litinin, 22 ga Janairu

An fara. Ga azumi, ga benci mai cizon zane.

Malamarmu Madam Tahira ce, daga Yamai. Yarinya ce a kaina, amma kai, ta sha doka! Ta raba mana littafin tsarin mulki, kowa nasa. Ta ce mai gari sulhu kawai yake yi, in mutum bai yarda ba yana da ikon wucewa gaban alƙali. Rabin ajin sai da suka riƙe baki. Wani ɗan ajinmu, Maman Lawali na Tsibiri, wanda ke kusa da ni, ya raɗa mini, "Je ki faɗa wa mai garinmu haka, in kin dawo da ɗankwalinki." Na yi dariya har Madam ta harare mu.

Ta manna tsarin darussa a bango. Wannan mako tsarin mulki da dokar gonaki. Mako mai zuwa gado, sai sirrin aiki can a ƙarshe.

Laraba, 24 ga Janairu

Yau ranata ce, wallahi!

Waɗanda suka riga ni duk sun sa mutane gyangyaɗi. Da aka zo kaina na tambayi Madam ko ba laifi in kawo maganar da ba a gama ba. Ta ce in dai na sauya sunaye. Sai na rubuta a allo: Mushe Ikis da Mushe Igrek, wato Malam Wane da Malam Wane da Faransanci, Baba Baƙo da Alhaji ke nan. Ban faɗi ƙauye ba, ban faɗi gari ba.

Amma ni ban iya ba da labari a bushe ba. Na yi musu tafiyar Mushe Ikis, yadda yake jan ƙafar hagu. Na yi musu jakinsa mai tsagaggen kunne ɗauke da dami, da tsohuwar da ke zaune a zaure tana kaɗi, tana cewa a jingine shi can. Na kwaikwayi muryar uban yana alkawari. Aji ya kece da dariya, har da masu share hawaye. Sannan na jefa musu tambaya: damin nan kyauta ne, ko shaidar aro?

Gardama ta kaure har azahar. Madam ta ce a gaban masu ba alƙali shawarar al'ada, dami abu ne mai nauyi, kuma aikin mai ƙara ne ya kawo hujjarsa, ba aikin wanda ake ƙara ba. Ta ce wannan shi ne misali mafi kyau da ta ji tun da ta fara koyarwa. An tafa mini. Na dawo gida kaina kamar ya taɓa rufin kabu-kabu, in da babur yana da rufi.

Asabar, 27 ga Janairu

Innalillahi. Soja sun karɓe mulki a Yamai.

Ina cikin dama kunun buɗe baki maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta ce in kunna rediyo. Kiɗan soja. Daga baya aka ce an jingine tsarin mulki. An jingine! Littafin da na wuni jiya ina ja wa layi da jan biro. Na ɗauko shi na yi ta kallo, ban san me nake nema a ciki ba. Kunun ya yi gudaji.

Litinin, 29 ga Janairu

Mun tarar da ɗakin karatu a kulle. Madam na tsaye da jakarta, za ta tasha. Masu ɗaukar nauyin horon sun ce a dakata sai abin da hali ya yi. Ta ce mu yi haƙuri, sauran darussa bashi ne a kanta. Idonta ya yi ja.

Maman Lawali ya ce, "To yanzu mu parajuris ɗin mi ne?"

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Dole in rubuta wannan.

Yau aka zauna gaban mai garinsu Baba Baƙo. Na tafi da ƙarfina, don na san Alhaji Abdu hannu rabbana zai zo. Aka gaisa, aka yi addu'a. Sai Alhaji ya gyara babbar riga ya ce tambaya ɗaya gare shi. "A tambayi Baƙo, damin farko na gonar ga, gidan wa yake kai shi kowace kaka, a kan jakinsa mai tsagaggen kunne?"

Mai tsagaggen kunne. Kalmomina ne. Nawa, da bakina.

Na dubi Baba Baƙo, shi bai dube ni ba. Da wani ne sai ya musa, wa zai kama shi? Ya ce, "Gidan Idirisa nike kai shi." Ya fara bayanin yunwa da alkawari, amma dattawa sun riga sun shiga gyaɗa kai. Wani ya ce, "Ai magana ta ƙare, aro ce." Mai gari ya ce Baƙo ya girbe abin da ke lambu ya tashi.

Na miƙe na ce ba mu yarda da sulhun ba, za mu gaban alƙali, doka ta ba mu. Wani ya ce, "Wace dokar? Wadda aka jingine?" Aka yi dariya. Na ce dokar gona ba a jingine ta ba, amma muryata ta fito kamar ba tawa ba.

A hanya Baba ya ce, "Ikon Allah, ɗiyata. Ko bango ke da kunne?" Na ce zafi ake yi yau. Abin da na ce ke nan!

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na tafi Tsibiri takanas. Na sami Maman Lawali a ƙofar gida yana gyaran keke. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na tambaye shi ko shi ya fitar da labarin, bai ma musa ba. Wai a majalisarsu ta bayan buɗe baki aka ce ya ba su labarin abin da ake koya musu a Maraɗi, shi kuma ya ga babu mai daɗi kamar nawa. Ya yi musu tafiyar, ya yi musu jakin. Kafin ya kai ƙarshe wani ya ce, "Kai, wannan ai Baƙo ne mai kawo wa Goggo Ramatu dawa!" Direban Alhaji yana zaune a wurin.

Na ce masa Allah ya isa. Na ce bakinsa ya fi kasuwa faɗi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya Atika, ni ma sunan na sauya, yadda aka koya mana. Jaki nawa ne mai tsagaggen kunne ke shigowa Tsibiri da dami? Ni kaina tun a aji na gane shi. Na zaci kin sani."

Tun a aji. Mutum nawa ke nan suka gane, suna tafa mini?

Na hau mota na dawo.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Salla ta zo ta wuce. Talatu ta aiko mini da zabuwa. Na kasa ci, na ba yara.

Talata, 19 ga Maris

Kotu.

Na yi iya yina, Allah shaida. Na nemo tsofaffi biyu da suka san yunwar. Na ɗauko Goggo Ramatu da kaina a mota. Da alƙali ya tambaye ta dalilin damin, ta ce ita dai dawa take gani kowace shekara, maganar maza ce, yayanta bai faɗa mata ba. Ta juya ta sa wa Baƙo albarka a gaban kowa. Albarka ba shaida ba ce, in ji masu ba da shawarar al'ada. Su abin da suka sani, mai kai dami ya san gona ba tasa ba ce.

An ba Alhaji gona.

Na ce wa Baba akwai ɗaukaka ƙara, in shirya takardu. Ya girgiza kai. "Na gaji da jin sunan ubana a bakin mutane." Ya kwance jakinsa ya tafi.

Juma'a, 29 ga Maris

Ya zo. Na shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Ya tsaya a zaure riƙe da sanda.

Ya ce, "Malama." Yau ba ɗiyata. "Tambaya na zo yi. A kasuwar Tsibiri yara da manya kirana suke da wani suna. In na wuce sai su ja ƙafa. Mi ke nan Mushe Ikis?"

Wayyo ni. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Na faɗa masa. Aji, allo, Madam, komai. Na ce don a ƙaru da ilimi ne, na ce an ce in an sauya suna ba laifi. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da ƙafafu.

Sai ya ce, "Har da alkawarin ubana kika yi musu?"

Na ce har da shi.

"Sun yi dariya?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To." Ya yi mini sai an jima, cikin ladabi, ya fita. Da ma zagina ya yi.

Litinin, 17 ga Yuni

An sake buɗe horon. Sabon tsarin mulki, sabon littafi, an raba mana. Ban ja layi ba tukuna.

Madam ta ce yau sirrin aiki. Ta ce sauya suna ba ya ɓoye mutum a inda kowa ya san akuyar kowa, kuma ba a fitar da maganar mutum ko don darasi sai da izininsa. Ta tsaya, ta cire tabarau. Ta ce da wannan ya kamata ta fara a Janairu, laifinta ne. Ashe ta ji. Kowa ya ji. Maman Lawali ya canza benci.

Da ta nemi misali, kawuna suka juyo gare ni, sabo. Na ce ba ni da ko ɗaya.

Shekaranjiya na bi ta bakin Gulbi. An yi shuka a gonar, ƴan ƙwadago ne a ciki. An ce Baba Baƙo da ɗiyansa suna noma a tudu, wurin wani ɗan'uwansa, rairayi zalla.

Alhamis, 20 ga Yuni

Wata mata ta zo daga can ƙauyen. Wai Talatu ce ta kwatanta mata gidana, ta ce mata na san doka, wannan ba a raba ni da shi. Amma ta ce ta fara yi mini tambaya kafin ta buɗe baki.

Ta zauna a gefen tabarma, ta ƙi shan ruwa. Ta ce, "Malama, in na faɗa miki, za ki kai ni lakwal ɗinku, ki ba ƴan aji labarina?"

Na ce a'a. Ta dube ni, ta sake dubana. Na kori yara waje, na ja ƙofa.

Ta yi magana har la'asar. Labari ne da a da sai na cika shafi uku da shi, har da yadda take murza bakin mayafi. Amma ba zan rubuta shi ba. Ba wani abu ba ne, yau hannuna ke ciwo. Gobe ma ba na jin zai sake ni.