Na Cika Wa Babur Tanki

Talata da dare, unguwar Nuzla a Jidda, cikin Disamba.

Barci ya ƙi zuwa, hannuna kuma har yanzu warin fetur yake yi.

Yau na kai babur ɗina unguwar Khumra wajen Usman makanike, tunda jibi zan tafi gida hutu. Niyyata in tsiyaye man tas in jingine shi, yadda muke yi a Katsina. Usman ya kwashe da dariya. "Haba Baba Sani, nan fa Jidda ce. In raɓar teku ta sami tanki wayam, tsatsa za ta cinye shi ta ciki. Yalla, cika shi fal."

Na cika. Ya zuba wani magani na 'yar kwalba mai hana fetur lalacewa, muka bar injin ya ɗan yi aiki don ya zagaya. Ya cire batir, muka lulluɓe babur da tamfol.

Sai ya ce, "Maganin nan fa iyakarsa 'yan watanni. Yaushe za ka dawo?"

Iƙamata, takardar izinin zamana a nan, za ta ƙare ina gida, kuma kullum na yi wa kafili, ubangidan da ya tsaya min, maganar sabuntawa sai ya ce inshallah, idonsa na kan waya. Bai taɓa cin haƙƙina ba, wannan na shaida. Amma na ga irin kallon da yake yi wa furfurata.

Usman ya ce in bar masa makulli, in ban dawo ba ya sayar ya aiko min. Shawara ce ta gaskiya. Har na sa hannu a aljihu, sai na fasa.

Ga makullin nan cikin jaka, kusa da fasfo. Da shi zan tafi Katsina.