Shekara Tara Ina Ɗinka Aljihu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya.

Kin ce in ɗinko wa Inna riga, tunda ƙanwarki tela ce. Yaya, shekara tara a kamfanin nan aljihu kawai nake ɗinkawa, ban taɓa haɗa riga guda ba. Kunya ta hana ni faɗa.

Na ajiye aikin. Da furfurata na shiga koyon jinyar tsofaffi. Jiya aka koya mana juya marar lafiya a gado, sai na tuna ke kaɗai kike juya Inna.

Ki ce ta sa min albarka. Rigar, a kasuwa zan saya. Kada ki faɗa mata.

Ƙanwarki