Tungar Gawasa Ba Kufai Ba Ce

Alƙahira, 14 ga Mayu, 2011

Zuwa ga taubashina Rilwanu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Goggo Sabuwa, da sauƙi? Mu nan lafiya lau, gari ya ɗan lafa bayan hargitsin kwanakin baya. Zulfa da yara suna gaishe ku.

Ka san ni, amma bari in tuna maka. Daga aji uku na sakandare na fita da jaka ɗaya. Na yi dako a Kano, na sayar da takalma a Agadas, na shigo Masar ba wanda ya tsaya mini. Larabcin da nake ciniki da shi a kasuwar Ataba a bakin 'yan kasuwa na tsince shi. Yau ina da shago, ina da gida a unguwar Madinat Nasr. Rijiyar Tungar Gawasa ni na haƙa, ajujuwan makarantarta ni na yi wa rufi, kuma ban taɓa taka sakatariyarku neman ko allura ba.

Na faɗi haka ne don ka san ba kwaɗayi ya sa na karɓi aikinku ba. Da ka aiko cewa ciyaman yana son a buga littafin tarihin ƙaramar hukumarmu ta Kanyawa a nan, saboda bikin cika shekara ashirin, murna na yi. Na kai wa Hamad, mai ɗab'in da ke buga mini kwalaye. Kafin ya ɗora a inji na ce bari in karanta.

Na ga iyakarmu da Nijar, na ga gulbi, na ga jerin hakimai. Hoton ciyaman kuwa har na gaji da gani. Sai ga babin garuruwan da suka zama kufai, kuma a tsakiyarsu ga Tungar Gawasa. Wai kwamiti ya je ya tarar da gidaje ba ƙyaure, ba hayaƙi, ba ko kaza.

Haba Rilwanu! Ko ɗan yaye a yankinmu ya san mutanenmu a tudu suke yin damina, in an gama girbi kowa ya cire ƙyaurensa ya ɗora wa jaki, a toshe ƙofa da ƙaya, a gangara fadama noman albasa har ruwa ya sauko. Kwamitinku da rani ya je, domin lokacin ne kawai mota ke iya ƙetare gulbi. Ba su tambayi kowa ba, suka leƙa ta taga suka juya. Kai fa? Kai da kaka Fatuma ke ɗorawa a kan ƙyaurenta ranar tashi, kana ihu kana tsoron jaki? Digirin ne ya shafe maka wannan?

A gyara shafin nan, a mayar da garin cikin taswira. Ka gaishe da Goggo.

Naka,
Rabi'u Yelwa

Alƙahira, 26 ga Yuni, 2011

Taubashi,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida da ta yara. Na ji ruwa ya sauka, Allah ya ba da damina mai albarka.

Amsarka ta iso, kuma gara a ce ba ta iso ba. Ka ce ba kai ka rubuta babin ba, kai dai ka haɗa. Ka ce kansiloli sun riga sun sa hannu, in aka taɓa za su ji kunya. Sannan wai ciyaman ya ce in aiko hotona da babbar riga a ba ni shafi guda cikin manyan 'ya'yan Kanyawa. A rubuta ɗan ina a ƙarƙashin hoton? Ɗan kufai? Tir.

Kai ma'aikaci ne, ka fi ni sanin abin da littafin hukuma ke yi. Garin da aka rubuta ya mutu, masu rigakafi ba za su je ba, taki ba zai je ba, akwatin zaɓe ma haka. Gobe wani mai babbar mota ya buɗe shafin ya ce ai ga gonaki ba masu su. Mahaifina yana kwance a maƙabartar tudun nan, ƙannena suna shuka a gefenta. Su kuma kansilolin kunyar gyara layi ɗaya suke ji.

Labari har ya bazu cikin ɗaliban da ke zuwa cin tuwo gidana ranar Juma'a. Ɗaya ya gaishe ni da Alhaji na kufai. Na yi dariya don yaro ne, amma bai ga nama a kwanonsa ba.

Na ce wa Hamad ya tsayar da aiki. Ya ɗaga hannu yana ma'alish, wato in yi haƙuri, wai takarda takarda ce, shi bai ga abin faɗa ba. Na ce ba garinsa aka binne ba. Halas, magana ta ƙare, inji ya tsaya.

Yanzu mutane sun koma tudu. Ka bar motar hukuma a bakin gulbi, ka naɗe wando ka shiga kwalekwale kamar kowa. Ka ɗauki kansila ko ɗaya ne, wanda bai cika tsoron ruwa ba. In kun je kun ga kufai, ni da kaina zan buga littafin yadda yake.

Naka,
Rabi'u Yelwa

Alƙahira, 17 ga Agusta, 2011

Rilwanu,

Barka da shan ruwa, yaya ibada? Ina fatan zazzaɓin da ka kwaso a gulbi ya sake ka. Na gode da ka je. Ƙanwata ta ce ka zauna a ƙofar ɗakin kaka ka daɗe. Wannan tsakanina da kai ne, ba zan tsokane ka a kai ba.

Sabon shafin ya iso, na kuma ga garin ya koma taswira. Alhamdu lillahi. Amma ka ji abin da aka rubuta a ƙasa. Wai bisa jajircewar mai girma ciyaman, kwamiti ya sake zurfafa bincike har ya gano ƙauyen Tungar Gawasa. Ya gano! Sai ka ce akuya ce ta ɓace. Garin da ya girmi sakatariyar da kakanninta. Har da hoton kansilan a cikin kwalekwale ya ƙanƙame gefe, an rubuta gwarzon bincike. Waɗanda suka kashe gari da biro su ne yau ake yi wa godiyar raya shi, ni kuwa ko a shafin baya babu ni.

Zulfa ta ce in bar wa Allah, tunda garin ya tsira. Na bar masa da yawa, amma wannan ƙarya ce za a ba yara su karanta a makarantar da na rufa.

Hamad ya shirya komai, shafi ɗaya ya rage, biki kuma ya matso. Ba na son hoto, ba na son sarauta. Ka faɗa wa ciyaman littafin ba zai hau jirgi ba sai an cire kalmar ganowa, an sa wannan a wurinta, ba ƙari ba ragi: Kwamiti ya yi kuskure ya rubuta garin nan kufai. Rabi'u Yelwa, haifaffen Tungar Gawasa, shi ya ƙi yarda.

A rubuta sunan daidai, da baƙi irin wanda aka rubuta na ciyaman.

Naka har kullum,
Rabi'u Yelwa, na Tungar Gawasa