Maganar Safarki, Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Mu nan kalau muke. Babanki ya samu sauƙin ciwon gwiwar nan, har ya ajiye sanda yana tafiya kasuwa da kansa, innarki na bin sa da faɗa. Yayarki ta sauka lafiya, an samu mace, kuma duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce hancinki ne sak. Allah ya raya.

Babanki ya kawo mini wasiƙarki har shago, ya ce in karanta tunda ni ce na yi zama da masu Turanci. Na ga kin ce kin riga kin rubuta takardar barin aiki, domin shugabar ma'aikatan jinya ta sa ki a gaba. Auta, kada ki miƙa takardar nan. Na karanta maganganun da kika jero sau biyu, kuma na tabbata matar nan ba ta tsane ki ba. Da ta ce za ta yi miki "show you the ropes", ba igiya za ta ɗauko ba, nufinta za ta nuna miki kan aiki. Da kika ji tsoron auna jinin wani tsoho majinyaci ta ce "piece of cake", ba raina ki ta yi ba, cewa take abin ba wuya, kamar shan ruwa. Mu ma fa haka muke. In na ce na yi wa wance wankin babban bargo, ai ba sabulu na saya ba.

Na ukun ne dai yake da nauyi, kuma ba zan ɓoye miki ba. "Pull your socks up" ba jan safa sama ba ne, nufinta ki zage damtse, aikinki ya yi sanyi. Ke da kanki kin rubuta cewa sau uku kina makara saboda motar safe. To a kan wannan take magana. Ke kuwa kika je kika sayo farar safa sabuwa, kika ja ta har gwiwa, kika tsaya a gabanta kina nuna mata. Na yi dariya har allura ta soke ni, amma ki duba ta ɓangarenta: ta yi miki gargaɗi, ta ga kamar kin mai da ita abin wasa. Shi ya sa ta ɗaure fuska kwana biyu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Ni ma na taɓa faɗawa irin wannan rami. Shekarata ta farko a shagon gyaran tufafi, kekena yana can ƙurya kusa da teburin guga, ba mai kula ni. Wata rana aka kawo rigar siliki da dutsen guga ya ƙone a kafaɗa, duk telolin suka ce ta mutu. Na ɗauka, na yanko ƙyalle daga cikin kalmasa, na dasa shi a wurin, har mai rigar ta kasa gano tabon. Mai shagon ta ɗaga rigar a gaban kowa ta ce ashe ni "dark horse" ce. Abin da na ji kawai baƙin doki. Na ajiye almakashi, na ɗauki jakata, ina huci, na ce ba zan zauna a zagi launin fatata ba. A bakin ƙofa tsohuwar da ke mana guga ta riƙe mini hannu, ta ce in tsaya in ji. Ta ce ana faɗin haka ne ga mai shiru-shiru da ba a san gwanintarsa ba sai ranar da ya ba kowa mamaki. Na koma na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage. Shekara goma sha ɗaya na yi a shagon, kuma ni na zama babbar tela.

Saboda haka ga abin da za ki yi. Ranar Litinin ki hau motar farko, ki riga ta isa. Ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata gaskiya cewa ba ki san ma'anar maganar ba, yanzu kin sani, kuma kin ji. Na san irinsu, za ta yi dariya, daga nan kun shirya. Nan gaba duk abin da ya shige miki duhu ki tambaya a take, matambayi ba ya ɓata. Yarinyar da ta yi jinyar kakarta shekara biyu ba ta taɓa gajiya ba, ba magana uku za su kore ta daga asibiti ba.

Ki gaida maigidanki. Babanki da innarki suna sa miki albarka, yayarki da angon ƙarni suna gaisuwa, haka Kawu Dogo. Takardar barin aikin kuwa, ki kunna murhu da ita.

Taki har kullum,
Gwaggonki mai ɗinki