Ƙararrawar Tankin Kwamfutar Yaya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya yara da Abbansu? Tunda ba kya ɗaga wayata, ga takarda na haɗo wa direba tare da kwamfutarki.

Na canza duk abin da ya ƙone. Zanen ginin asibitin da kika yi wata uku a kansa ne dai na kasa cetowa, ki yi haƙuri.

Na ƙara mata wani abu da na haɗa da hannuna. A cikin tankin ruwan da ke sanyaya ta na sa ɗan ƙwallon roba mai maganaɗisu, yana yawo a saman ruwa. Daga waje na manna ɗan makunni mai jin maganaɗisu da gam, na ja waya zuwa ƙararrawa. Ruwa na yin ƙasa, ƙwallon zai sauko daidai makunnin, ta fara ƙara. Ko kin sake mantawa da duba ruwa, ita ba za ta manta ba.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Ina lafiya. Saƙo ya iso, na gode.

Ba fushi ne ya hana ni ɗaga waya ba, kunya ce. Ranar da ka tsaya a falona, gaban Abban yara da abokin aikina, ka ce, "Yaya, mace kamar ki a ce ɗan ruwan nan ya gagare ki dubawa?" ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ofis sun ba wani ma'aikaci aikin asibitin. Da aka tambaye ni dalili, cewa na yi sakacina ne, kai a sunkuye.

Ƙararrawarka kuwa ta ishe ni. Ka taɓa ce mini ruwan yana kai wata shida bai ragu ba, amma duk kwana huɗu sai ta yi ƙara. Na manna takarda a jikin tankin ina jan layi da biro, layi biyar ke nan. Har ɓoye jarkar ruwan nake yi kada Abbansu ya ce na sake ɓata wani abu. Ko dai zubawar ma ban iya ba? Ga kwamfutar nan na mayar maka, ka duba.

Yayarka


Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana uku ina juya takardar nan, na yaga biyu.

Da farko na ce ƙararrawar ce ke ƙarya. Na fito da ƙwallon na girgiza, bai sha ruwa ba. Na gwada makunnin a kofi, lafiyarsa lau. Sai na shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗar tiyo, na kunna kwamfutar, na koma kan benci ina gyaran ta wani. Kafin la'asar tishun bayan famfon da ke tura ruwan ya jiƙe. Yoyo take yi, ɗigo ɗaya ɗaya, iskar fanka tana busar da shi, shi ya sa ba wanda ya taɓa gani.

Yaya, ni ne. Lokacin da na fara haɗa miki ita, zoben robar wannan mahaɗar bai zo a kwali ba. Na ciro tsoho daga wata matacciyar kwamfuta na sa, da niyyar canzawa, ban canza ba. Ranar da ta ƙone abin ya faɗo mini a rai tun ina hanya. Tsoro ya sa na riga ki buɗe baki. Ko a gyaran baya ban taɓa wurin ba, don ba na son in gani.

Ke kika saya mini akwatin kayan aikina na farko, ni kuma na tozarta ki a ɗakinki. Na sa sabon zobe, kwana biyu tishu a bushe. Idan kin yarda zan je ofishinku in faɗa da bakina.

Ki yafe mini.
Auta


Auta,

Na karanta sau biyu, na miƙa wa Abbansu. Da ya gama karantawa ya ba ni haƙuri, domin shi ma ya sha yi mini gori.

Ofis ka bar shi, aikin ya riga ya tafi. Wata biyu na yi ina zargin kaina, har murhu sai na koma na duba sau uku kafin in fita. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba zanen ba.

Ban huce ba tukuna. Amma ka zo ranar Asabar, yara suna ta tambayar kawunsu, na gaji da ce musu aiki ne ya riƙe ka.

Yayarka