Damina Huɗu Tsakaninki Da Kawu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara biyu ke nan da muka kai ki makwancinki a Ɗanzomo. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma maganar ranar da kika ba da ni riƙo ta tsaya mini a wuya.

Bayan sadakar arba'in ta Baba, ina ɗan shekara takwas, kika miƙa ni ga Baffa ya tafi da ni Gumel, kika riƙe ƙannena biyu. Kika ɗaure mini kaya a tsumma, kika juya kika ci gaba da surfe. Ba ki yi kuka ba, ba ki kira sunana ba. Kowa ya ce kunyar ɗan fari ce, amma na riƙe ki a zuci kusan shekara arba'in. Gani nake babbar mace ta zauna ta auna 'ya'yanta, ta zaɓi wanda za ta iya rabuwa da shi. Shi ya sa in na zo gaishe ki nake tashi kafin la'asar, ki ce in kwana, in ce aiki.

Takwararki, 'yata Ummi, tana ƙaramar sakandare yanzu, kuma taurin kanki ta gado kaf. Malamin tarihi ya ce kowa ya rubuto labarin wani babba na gidansu, har da shekarar haihuwarsa. Ta zaɓe ki. Na ɗauko mata katinki na ɗan ƙasa, na ce gwamnati ta hutar da ita.

Kin tuna ranar da aka yi katin nan? Ma'aikacin ya tambaye ki shekaru, kika ce Allah ya sani. Ya dubi furfurarki, ya rubuta abin da ya ga dama. Ina tsaye a bayanki na yarda da abin da ya rubuta, don ni ma tun tasowata tsohuwa nake ganin ki.

Ummi ta ƙi yarda. Wai an koya musu cewa haƙƙin ɗan ƙasa ne a ba shi kati, kuma haƙƙinsa ne a rubuta gaskiya a ciki. Ta matsa sai da na kai ta Maigatari wajen ƙaninki Kawu Sale. Shi ma bai san shekarunsa ba, amma ya ce an yi masa kaciya yana ɗan bakwai, a shekarar canjin hannu da motoci suka koma bin dama. Ni kuma na tuna maganarki in kun saɓa: "Damina huɗu na ba ka, Sale, ka iya bakinka."

A mota muna dawowa ta buɗe littafi a cinya. Ta ce abin da ba a sani ba x ake kiran sa. Ta rubuta cewa x a cire huɗu saura bakwai, ke nan shekarunki goma sha ɗaya a canjin hannu. Ta tambaye ni yaushe Baba ya rasu. Wannan kam na sani, damina goma sha huɗu bayan canjin hannu, don a shekarar aka sa ni makaranta. Ta tara, ta ja layi, ta miƙo mini. Ashirin da biyar.

Inna, katin ya ɗora miki shekara goma sha biyu da ba naki ba, ni kuwa na ɗora miki abin da ya fi haka nauyi. Ashe wadda ta juya mini baya ran nan yarinya ce cikin takaba, da marayu uku da rumbun da ba zai kai kaka ba. Sa'ar babbar 'yata Asiya ce, wadda jiya ta kira ni tana kuka don ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Na yi nadama ƙwarai. Ki yafe mini duk kwanan da kika roƙa na hana ki.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki da Aljanna, ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Ɗanki na fari,
Habu, daga Gumel.