Ɗaurin Kasuwar Shanu a Bakin Teku

Juma'a, 10 ga Oktoba, 2025, ƙarfe tara da kwata na safe.
Ina zaune a matakalar ɗakinmu, ruwa ya fara janyewa.

Zuwa ga yayata, Ya Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam Bala da su Munira. Yaya ƙafar Hajja? Tana shan maganin kuwa, ko har yanzu ƙarƙashin filo take tura shi? Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. Nan babu sabis ko kaɗan. Wani bawan Allah mai suna Othniel ne yake kawo mana garin rogo da ruwan sha a jirginsa mai inji duk Juma'a. Shi zai ɗauki hoton takardar nan idan ya koma gari, ya tura miki a waya.

Ƙungiyar da aka tura ni bautar ƙasa wurinta dashen itatuwa take yi a bakin teku. Sun ajiye ni a wani tsibiri a gaɓar jihar Akwa Ibom. Babu gari, babu masallaci, ko kukan akuya ba a ji. Ɗaki ɗaya ne na katako mai rufin kwano, an ɗora shi a kan dirkoki takwas, kowace ta fi ni tsayi da kamu biyu. Na auna. Aikinmu auna tsayin ruwa da ƙirga dashen da ya rayu.

Mu biyu ne, kuma cikin ikon Allah abokin zamana ɗan gida ne. Sunansa Obadiah, mutumin Biu, amma a unguwar Fezzan ta garinmu ya tashi, can ma matarsa Phebe take da yaransu. Shekararsa uku a wannan aiki. Tun da na gaya masa sana'ar marigayi Baba ta fataucin shanu ya daina kiran sunana, sai Ɗan Kasuwar Shanu. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da yake wa kwalekwale bisimilla sau uku kafin ya ɗora ƙafa ba sai ni.

Ya Saude, ke kaɗai zan iya gaya wa. Na karanta cikowar teku da janyewarsa a jami'a, har na ci jarrabawa a kai. Amma karatu daban, gani daban. Sau biyu a kowace rana ruwan yana tafiya ya bar taɓo iya ganinki, sa'annan ya dawo. Ba ya ƙara, ba ya gaggawa. A hankali yake shigowa, daidai yadda ya shigo mana tsakar gida a unguwarmu Abbaganaram lokacin ambaliyar bara, ranar da na goya Hajja ruwa yana dukan ƙirjina. Ta tsagar katakon ƙasa nake ganinsa yana hawa dirkokin. Na san zai tsaya, alƙaluman da nake rubutawa da hannuna sun nuna zai tsaya, amma cikina bai yarda ba. In ya fara cikowa sai in rufe ƙofa, in hau gado, in yi ta Ayatul Kursiyyu. Obadiah ba ya mini dariya a kan wannan. Rigar hana nitsewa guda ɗaya ce mai kyau a nan, kuma ya bar mini ita. Ya koya mini tuƙi a cikin ƴar mashigar da ke gaban ɗakin, yanzu ina iya tafiya ba tare da na yi ta zagaye wuri ɗaya ba.

Abu ɗaya ne nasa ba ya mini daɗi: sakaci da igiya. Kwalekwale ɗaya gare mu, amma yakan ɗaure shi a saman turke da igiya doguwa, sako-sako, ya bar shi yana yawo. Kin tuna abin da Baba yake cewa: a ɗaure gajere, a ɗaure ƙasa, doguwar igiya ita ke karya wuyan bijimi. Ban yi masa magana ba tukuna, kada ya ce baƙo ya zo yana gyara wa masu gida zama.

Ki ce wa Hajja ina kusa da ruwa. Kada ki ce mata a kansa nake kwana. Ki gaishe ta, ki gaishe da mutanen unguwa.

Ƙaninki,
Babakura

Juma'a, 24 ga Oktoba, 2025, ƙarfe bakwai saura na safe.
Othniel yana shimfiɗa buhuna a jirginsa don a kwantar da Obadiah.

Ya Saude,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Hajja da yara. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa da mummunan rubutu.

Da kin karanta wannan, don Allah ki ɗauki mayafinki ki tafi Fezzan da ƙafarki, ki nemi gidan Phebe matar Obadiah, bayan shagon mai niƙa ne. Kada ki kira ta a waya. Ki ce mata mijinta yana da rai, amma za a kai shi asibiti. Zan gaya miki komai yadda ya faru, ke ki zaɓi abin da za ta iya ɗauka.

Idan wata ya tsaya, ko ya cika, ruwa yakan fi janyewa, kuma yakan fi cikowa. Jiya Alhamis irin wannan rana ce. Akwai wani tudun yashi a can bakin teku, an kafa ƙarfen awo a kansa. A irin wannan rana ɗayanmu yakan taka da ƙafa ta cikin taɓo lokacin da ruwa ya janye, ya zauna a can yana rubuta hawan ruwa. Hanyar taɓon ita ke fara nutsewa, don haka dole ɗayan ya je ya ɗauko shi a kwalekwale bayan azahar, kafin tudun kansa ya shafe. Obadiah ya tafi da hantsi. Ya ce in na makara zai kai ƙarata wurin sarkin pawa. Ya tafi ba rigar hana nitsewa, don tana jikina.

Da ya ɓace mini, sai na sauko na tsaya ina kallon kwalekwalen yana kwance a taɓo da igiyarsa yashe a ƙasa. Zuciyata ta ce yau babban ruwa ne, in ya fizge shi fa, da me zan ɗauko mutumin nan? Wallahi, Ya Saude, don shi na yi. Na kwance igiyar daga saman turke, na naɗe ta, na ɗaure hancin kwalekwalen a gindin turken, gajere, ƙasa, da zargen da Baba ya koya mini, wanda in an ja shi ƙara shaƙewa yake yi. Na ja na ji ya yi tamau. Har daɗi na ji. Sa'annan ruwa ya fara dawowa, na hau sama na rufe ƙofa kamar kullum.

Bayan na idar da azahar na buɗe ƙofa, sai ban ga kwalekwale ba. Gindinsa kawai na gani ya ɗaga sama. Ruwa ya hau, kwalekwalen ya so ya hau tare da shi, ɗaurina ya riƙe hancinsa a ƙasa, ruwa ya cika shi. Sai a lokacin na gane amfanin doguwar igiyar da nake kira sakaci. Bijimi ba ya tashi sama daga inda aka ɗaure shi. Kwalekwale yana tashi.

Na fito matakala. Daga nan ina hango Obadiah ƙarami kamar tsinke, kuma tudun da yake kai ya ragu, bai fi tabarma biyu ba. Yana ɗaga rigarsa yana kaɗawa.

Na ɗauki wuƙar girki na shiga. Ruwan ya kawo mini wuya. Na miƙa hannu, ban kai ga igiyar ba. Na yi ƙoƙarin nutsawa, rigar ta dawo da ni sama, sau biyu. Sai na gane in ban cire ta ba, ba zan kai ba. Ban san yadda zan kwatanta miki cire rigar nan ba. Na rataye ta a saman turke, na yi shahada, na rungume turken na bi shi ƙasa. Duhu ne, da gishiri, da ƙara a kunne. Na lalubi ƙullin, ya shaƙe kamar dutse, ba mai kwance shi. Na yi ta yanka. Numfashina ya ƙare, na fito, na koma. A komawa ta uku igiyar ta tsinke, hancin kwalekwalen ya taso ya buge ni a haɓa.

Cike yake da ruwa. Na kwarfe shi da tukunyar shinkafarmu, kuma wannan ne ya cinye lokacin. Kafin in ɗauki filafilin tuƙi la'asar ta yi, tudun yashi babu shi, sai ƙarfen awo da wani baƙin abu a jikinsa.

Yadda na isa, Allah kaɗai Ya sani, domin ban taɓa fita daga mashigar nan ni kaɗai ba. Na same shi ya rungume ƙarfen da hannu da ƙafa, ruwa a haɓarsa, duk igiyar ruwan da ta zo sai ta rufe kansa. Ya iya iyo kaɗan, amma ya ce da ya saki da ruwan ya yi cikin teku da shi. Jikin ƙarfen duk ƙwanson halittun ruwa ne masu kaifi kamar reza, sun yayyanka masa cinyoyi da damatsa. Sai da na ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da na jawo shi ciki ya yi ta aman ruwa. Abin da ya fara cewa shi ne in duba ko takardar awon ta jiƙe.

Na gaya masa abin da na yi tun muna kan hanya. Sai ya rufe ido. Ban sani ba ko gajiya ce ko fushi. Na wanke ciwukan da ruwan shanmu, na ɗaure da zanen gadona. Zuwa asuba jikinsa ya yi zafi, yana tari, ƙirjinsa yana kuka, cinyar dama ta kumbura ta yi ja.

Othniel ya ce in shiga mu tafi tare. Jirgin ƙarami ne, in an kwantar da mutum ba sauran wuri sai a kan ƙafarsa mai ciwo. Na ce su tafi. Ga shi yana kirana in kawo takarda.

Ki yi masa addu'a. Ki ce Hajja ma ta yi, ba sai kin gaya mata dalili ba.

Ƙaninki,
Babakura

Juma'a, 31 ga Oktoba, 2025, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.
Ruwa yana cikowa, ƙofa a buɗe take.

Ya Saude,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da Hajja, da Malam Bala da yara. Othniel ya nuna mini saƙonki a wayarsa. Allah Ya saka miki da alheri da kika zauna da Phebe har dare, kuma na gode da ba ki ɓoye mata cewa ni na ɗaure igiyar ba.

Obadiah yana raye. Othniel ya gan shi jiya a gadon asibiti. Zazzaɓin ya sauka, yana shan kunu, amma an tsaga cinyar an cire ruwa, likita bai gama magana a kanta ba. Ya aiko mini da saƙo. Wai a gaya wa Ɗan Kasuwar Shanu kada ya kuskura ya ɗaure tukunyar shinkafa a gindin turke, ita kaɗai ta rage mana. Othniel yana faɗa yana dariya. Ni kuwa sai na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba tun bara.

Mako guda ke nan ni kaɗai. Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba. Kullum da safe sai na yi magana da ƙarfi don in ji muryar mutum. Amma na daina rufe ƙofa, domin rufe ta ne ya hana ni ganin abin da yake faruwa a ƙarƙashina. Na rubuta wa shugabanmu duk abin da ya faru, da sunana a jikin laifin. Othniel ya ce in na ga dama yau akwai wuri a jirgi, na ce ba zan tafi ba. Wata zai cika a mako mai zuwa, babban ruwa zai dawo, kuma in ba wanda ya rubuta shi, awon Obadiah na shekara uku zai samu giɓi. Tudun yashi ba zan je ba. Amma na gaban ɗaki zan rubuta.

Kin ce in gaya miki gaskiyar halin da ake ciki. Ga abubuwan da ban sani ba:

Ban sani ba ko ƙafarsa za ta warke ya taka taɓo kamar da.

Ban sani ba ko ƙungiya za ta turo wani, ko za ta kore ni.

Ban sani ba ko Phebe za ta amsa gaisuwata ranar da na zo Fezzan.

Ban san iya inda ruwan makon gobe zai kai a jikin dirkokin nan ba. Lissafina ya ce zai tsaya kamu ɗaya ƙasa da katako, amma lissafina ya taɓa cewa ɗaurina daidai ne.

Ban sani ba ko zan sake iya cire rigar nan in ta kama.

Othniel ya kawo sabuwar igiya. Na ɗaure ta a saman turke, doguwa, sako-sako, irin wadda Baba zai gani ya yi mini faɗa. Ina kallon kwalekwalen yanzu haka. Ruwa yana hawa, shi ma yana hawa.

Ki gaishe da Hajja.

Ƙaninki,
Babakura